Ɗan Zango da Ƙasar Kakanni

A zangon Akodesewa da ke gabashin Lome, ana samun dattijon da aka haife shi a Togo, mahaifinsa ma a nan aka yanke masa cibiya, amma in an tambayi asalinsa sai ya ce shi Bakatsine ne ko Basakkwace. Fataken goro da shanu ne suka kafa zangon Lome tun zamanin Jamusawa. A 1977 gwamnatin Shugaba Eyadema ta rushe tsohon zangon tsakiyar birni, ta mayar da mutanensa arewacin gari. Jama'ar ba ta ɗaure kaya ta nufi Kano ko Maraɗi ba, sai ta sake kafa zango. A ganina wannan ya nuna cewa ɗan zango a cikin al'adarsa yake riƙe da ƙasar kakanni: raɗin suna ran bakwai da goro da rago, makarantar allo, maigidan da ke saukar da baƙo ya tsaya masa a ciniki, da sarkin zango mai sasanta rigima. A kasuwa ya yi yaren Mina, a ofis Faransanci, a ƙofar masallaci kuwa Hausa.

Yahudawan da ke warwatse a duniya sun daɗe a kan irin wannan riƙo. Tun da Rumawa suka rushe haikalinsu a shekara ta 70 Miladiyya, suna fuskantar Ƙudus in za su yi addu'a, ango yakan fasa kofin gilashi ranar aure don tuna wannan rushewa, kuma sukan rufe liyafar idin Fesak da fatan ganin baɗi a birnin. Amma da zancen ya koma na kafa ƙasa, sai kansu ya rabu. A 1897 Theodor Herzl ya kira taron Sahyoniyawa na farko a Basel. A shekarar kuma aka kafa ƙungiyar Bund a Vilna, wadda ta tsaya a kan cewa Bayahude ya nemi haƙƙinsa a inda yake zaune. Yahudawa mabiya ɗariƙar Satmar har gobe suna ganin kafa ƙasa kafin zuwan Almasihu saɓo ne. Dokar Isra'ila ta 1950 ta buɗe wa kowane Bayahude ƙofar ƙaura, duk da haka miliyoyinsu na nan a Amurka.

Wani zai ce kwatancen bai yi ba, domin fatauci ne ya fitar da Bahaushe, Bayahude kuwa kora da kisan kiyashi ya sha. Gaskiya ne, shi ya sa da yawansu ke kallon Isra'ila a matsayin mafaka ko ba su taɓa taka ta ba. Wani kuma zai tuna Falasɗinawa kusan 700,000 da aka raba da gidajensu a 1948. Wannan ƙorafin ya fi nauyi, kuma ƙarfafa hujjata yake yi: begen asali haƙƙin kowa ne, amma ba ya halatta a tashi wani daga gidansa. Falasɗinawan da ke adana makullan tsoffin gidajensu a sansanonin Labanan irin wannan begen suke yi. Duk al'ummar da take son a girmama begenta, wajibi ne ta girmama na maƙwabcinta.