Kafin Ka Sayar Da Shanu Ka Sayi Gidan Haya A Alshajara

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, masu sauraronmu da ke hulɗa da kasuwar dabbobi ta Muwailih da Kasuwar Libiya a Omdurman suke ta aiko da tambaya guda: ana tallar gidaje da araha, shin mu saya mu gyara mu ba da haya? Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin, inda muka ɗauki unguwar Alshajara a matsayin misali.

Alshajara tana kudancin Khartoum, a gaɓar Farin Nilu, a kan hanyar da ta nufi Kalakla. A nan barikin tankokin yaƙi yake, shi ya sa bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023 aka gwabza ƙazamin faɗa a kewayenta, musamman a watan Agusta na shekarar. To ka ga, gidan da ke nan ya sha wuta ta sama, ga kuma kogi a gefensa. Duka biyun sai ka saka su a lissafi.

Abu na farko takarda ce, ba bango ba. A Sudan akwai fili mai cikakkiyar mallaka, akwai na hikir, wato wanda gwamnati ta ba da na wasu shekaru, akwai kuma na hiyaza, wanda mutum ke riƙe da shi ba tare da rajista ba. Farashinsu ba ɗaya ba ne. Ka nemi sabuwar shahadat bahas daga ofishin rajistar filaye, ita ke nuna sunan mai gida da ko an jinginar da shi. Masu gidaje da yawa suna gudun hijira a Masar ko Port Sudan, saboda haka mai tallar zai ce maka shi wakili ne. Kada ka tura ko sisi ta Bankak sai lauya ya tantance wakilcin. Idan gidan gado ne, kowane magaji sai ya amince. In kuma ba ka da takardar zama ɗan ƙasa, ƙa'idarka daban ce, ka fara jin ta bakin lauya.

Na biyu, ka je da ƙafarka. Ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora, don me za ka sayi gida a hoton waya? Wannan cinikin biri a sama ne. Amma kada ka kutsa gidan da aka daɗe ba a shiga ba sai masu kwance bama-bamai sun duba shi, kuma duk ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa. Ka tambayi maƙwabta ko an binne wani a tsakar gidan, domin a lokacin faɗa mutane da dama ba su samu isa maƙabarta ba.

Na uku, ka tafi da magini wanda kai ka ɗauko, ba na dillali ba. Ramin harsashi a bango aikin siminti ne na yini ɗaya. Abin tsoro shi ne tsagar da ta tashi daga tushe ta karkata zuwa kusurwar taga, ko rufin kankare da wuta ta ci har rodi ya fito. Ƙasar laka ta wannan yanki tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ita ke tsaga gini mai raunin tushe. Ka duba ƙasan bango: in ka ga farin gishiri da ɓarewar shafe, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. A watan Satumba na 2020 Nilu ya yi cikar da ta zarce ta 1946 da 1988. Ka tambayi dattawan layin inda ruwa ya tsaya a shekarar.

Na huɗu, wuta da ruwa. An sace wayoyin tagulla, famfuna, ƙofofi da tagogi a gidaje masu ɗimbin yawa, an kuma farfasa taransifoma. Wayar cikin gida kai za ka iya mayarwa, ta layi kuwa ba a hannunka take ba. Ɗan haya ba ya tambayar launin fenti, ruwa yake tambaya, da wuta, da masai, da motar zuwa kasuwa.

Sai lissafi. Tun da fam ɗin Sudan yana ta faɗuwa, ka yi shi da abin da ka sani. A ce gida ya ci kuɗin shanu 50, gyara ya ci 10, ka zuba 60 ke nan. A ce hayar wata rabin sa ce. Ka ƙirga wata 10 kawai a shekara, saboda gida kan zauna babu kowa, wani kuma kan makara da biya: shanu 5. Cire 1 na gyare-gyare, saura 4. Shekara 15 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Yanzu ka kwatanta da abin da shanu 60 za su haifa maka a wannan tsawon lokaci, ka kuma tuna su suna tashi idan wuri ya ɓaci, gida kuwa ba ya tashi.

Wannan ba yana nufin kada ka saya ba. Gida mai tsabtatacciyar takarda da lafiyayyen tushe, a layin da maƙwabta suka dawo, dukiya ce da fari ko annobar dabbobi ba sa cinyewa. Sai dai ka fara gyaran ɗaki biyu da banɗaki ka sa ɗan haya, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, hayarsa ta gyara sauran. Ka samu amintacce da zai riƙa karɓa idan kana kan hanya. Kuma kada ka taɓa shanun haihuwa. Abin da ya ƙaru a kan garke, shi ake kaiwa gini.