KEKE MAI BATIR A HANNUN FALKE: ABIN DA MUKA GANI A GODOME



Tun bayan Babbar Sallah ake ta aiko mana da tambaya game da keken nan mai batir da aka ga yaranmu na Godome suna hawa. Wasu sun tambaya daga Paraku, wasu daga Gaya, wasu kuwa a gindin tirela suka tare mu. Dattawa suna son su san ko abin yana da amfani ga falke, samari kuwa tambayarsu ɗaya ce, wai an ce ana farauta da shi. Bugu da ƙari akwai magana a gaban ƙungiya, domin wasu daga cikin yaranmu 'yan kora sun nemi a tsaya musu su karɓo shi bashi. To, tun da mu muka fara sa kuɗinmu a ciki, kuma mun yi fiye da shekara muna morarsa, ya kamata mu faɗi abin da muka gani, mai daɗi da marar daɗi.

Duk wanda ya san Kwatano ya san garin babur ne. 'Yan zemijan masu rawayar riga, watau 'yan kabu-kabu ko 'yan acaba a bakin mutanen arewa, su ne ƙafar kowa. Man da suke sha kuwa mafi yawansa na kwalba ne, wanda mutanen nan ke kira kpayo, mu kuma mu ce na 'yan bumburutu, daga Nijeriya ake tsallako da shi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye wajen sefa 450, dala casa'in ke nan a lissafinmu, ta koma 700, wani wuri har 800. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe gadar Malanbil da Gaya, shanu suka yi wuyar saukowa. Watau kuɗin zirga-zirga ya hau a daidai lokacin da ciniki ya kwanta. A cikin wannan hali ne muka fara duba abin da da muke yi wa dariya.

Sai dai a bambance, domin mutane suna haɗa abu biyu wuri guda. Akwai babur mai batir, irin na kamfanin Spiro, wanda ya fara aiki a Benin da Togo a 2022 da sunan M Auto. Shi wannan babur ne sosai, yana ɗaukar mutum biyu da kaya, kuma ba a gida ake cajinsa ba: in batir ya yi ƙasa sai ka je tasharsu ka ajiye shi, ka biya, a sa maka cikakke. Sa'an nan akwai keke mai batir, wanda yake da feda kamar Raleigh ɗin iyayenmu, illa dai an sa masa ɗan inji a cibiyar taya da batir da ake cirewa a shiga da shi ɗaki a jona a bango. A Turai doka ta tsayar da ƙarfin injinsa a wat 250, kuma in gudu ya kai kilomita 25 a awa sai injin ya daina taimako. Waɗanda ake shigo mana da su daga Sin sukan fi haka ƙarfi. Namu na Godome irin na biyun ne, mai ƙatuwar taya, kuma kuɗinsa ya ci mana maraƙi mai kyau guda.

A cikin gari, gaskiya, ba mu yi da-na-sani ba. Aikin mai masauki rabinsa aike ne. Da asuba a kai wa baƙi koko da ƙosai. Da hantsi a je Zangon Kwatano a ji yadda kasuwar tumaki ta kwana. A haye gada zuwa mayankar Akpakpa a bi mahauci bashi, wanda kowa ya sani ba a biyansa da zuwa ɗaya. A ɗauko maganin tsutsa wajen likitan dabbobi, a kai takarda, a cire kuɗi a waya, a sayo igiya da kanwa da ɗan buhun dusa. A da kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗin zemijan ne, zuwa da dawowa, ko kuma kwalbar mai. Yanzu yaro ɗaya yana gama su duka a kan caji guda, ya dawo kafin La'asar da ɗan saura. Mun auna: in mahayin ba mai jiki ba ne, kuma yana taimakawa da feda, yakan yi kilomita 40 zuwa 50. In aka ɗora masa buhu, ko aka bi yashin lungunan Godome, sai a rage kashi ɗaya cikin uku. Caji kuwa awa biyar zuwa shida, kuma abin da yake ƙarawa a kuɗin wuta bai kai a yi maganarsa ba. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kabireta. Bakaniken da muke kai wa tsohon babur ɗinmu har ya aiko yana tambaya ko lafiya.

Cunkoson da ake yi a gadar sama ta Godome da safe, wanda ya taɓa kwana a nan ya san shi. Keken yana bin hanyar gefe ta masu ƙafa biyu ya wuce. Amma a sa hular kwano. Tun watan Maris 2024 'yan sanda suka matsa a kan hula, mahayi da wanda aka goya, kuma ba mu ba kowa shawarar ya tsaya yi musu bayanin cewa nasa keke ne ba babur ba.

Wani amfanin da ba mu zata ba, a cikin garke muka gan shi. Duk wanda ya yi fataucin jajayen shanun Bororo ya san halinsu. Sun sha tafiyar kwana biyu a tirela, an sauke su a baƙon wuri, ga ƙishirwa, sai wani ya shigo da babur yana murza wuta. Nan da nan bijimi ya tsinke igiya, ya tsallake shinge, a wuni ana binsa cikin unguwa, wani lokaci ya karye, a yanka shi a sayar da asara. Keken nan kuwa yaro yakan shiga da shi har bakin kwami, shanu suna tuƙa ba su ko ɗaga kai ba. Da dare ma yakan zagaya garke da shi ba tare da ya tashe su ba. Wannan kaɗai, a ganinmu, ya isa dalilin a ajiye guda a kowane babban masauki.

Illolinsa kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Godome tsakanin tafkin Nokuwe da teku take, in damina ta sauka lunguna sukan zama kududdufi, kuma batir ba ya shiri da ruwa. Sau ɗaya yaro ya kutsa da shi ruwa har gwiwa, muka yi mako uku muna neman wanda zai gyara. Iskar teku tana cin wayoyinsa da tsatsa. In aka ɗauke wuta da dare, gobe sai feda, kuma keken da ya kai nauyin rabin buhun masara ba daɗin tuƙawa gare shi ba. Batir ɗin yana tsufa kamar na waya, sabo kuwa ya kusa rabin kuɗin keken. Abu mafi muhimmanci: kada a yi cajinsa kusa da harawa ko a ɗakin da baƙi ke kwana, kada kuma a sa masa cajar da ba tasa ba, domin in irin wannan batir ya kama wuta, bokitin ruwa ba ya kashe ta. Mu da muka ga abin da wutar ma'ajiyar kpayo ta yi a Seme a watan Satumba 2023, inda mutum fiye da 30 suka rasu, ba ma wasa da maganar gobara. Allah Ya kiyaye.

Yanzu sai maganar farauta, wadda ita ce ta fi damunmu.

Abin da samari suka gani a waya gaskiya ne. A Amurka akwai maharban barewa da ke shiga daji da irin wannan keke, saboda ba ya ƙara, ba ya warin hayaƙi, kuma suna ɗaura masa ɗan amalanke su jawo nama. A Afirka ta Kudu ma, a 2021, an gwada ba masu gadin gandun daji babura masu batir na wani kamfanin Suwidin mai suna Cake, ana cajinsu da hasken rana, domin su riski ɓarayin namun daji ba a ji zuwansu ba. To amma shi Ba'amurken nan da lasisinsa a aljihu, da motarsa a bakin daji, da wutar lantarki a gida. Shi kuma mai gadin gandu da kakinsa a jiki. Ɗanmu da zai ɗora keke a kan tirela ya tafi arewa neman zabi da zomo, me yake da shi a ciki?

Ba mu ce farauta haram ce ba. Tun muna Islamiyya muka karanta a Risala cewa wadda ake yi don buƙata halal ce, wadda ake yi don wasa kawai makaruhi ce, da sharuɗɗanta na ambaton sunan Allah da sauransu. Iyayenmu da suka koro shanu a ƙafa daga Doso zuwa bakin teku, da naman daji suka yi miya a hanya. Amma dajin da suka bi ba shi ne na yau ba. Gandun Penjari tun 2017 yana hannun African Parks, na W kuma tun 2020, da masu gadi ɗauke da makamai. A watan Mayu 2019 an sace Faransawa biyu a Penjari, aka kashe ɗan jagoransu. Daga ƙarshen 2021 hare-hare suka fara a kan sojoji a Atakora da Alibori, har a watan Afrilu 2025 gwamnati da bakinta ta ce an kashe soja 54 a yankin W a rana ɗaya. Masu wannan aika-aika kuwa a kan ƙafa biyu suke yawo. To ka duba: baƙon saurayi, mai jin Hausa ko Fillanci, da bindigar toka a kafaɗa, da fitila a goshi, a kan abin hawan da ba ya ƙara, cikin dare. Wa zai tsaya tambayarsa ko zabo yake nema?

Ba labarin ƙanzon kurege muke ba ku ba, a gidanmu ya faru. Wani yaronmu, ɗan ƙanwar abokin cinikinmu, ya roƙi a bar shi ya tafi da keken arewa lokacin da aka je lodi, wai zai riƙa zagaya rugage da shi. Muka yarda, kuskurenmu ke nan. Kwana biyu ya yi aikinsa lafiya, yana caji a shagon mai cajin waya. A dare na uku ya ari bindiga wajen wani ɗan garin, suka fita su biyu. Da babur ne, da tun daga nesa masu tsaron hanya sun ji shi, sun haska shi, sun tsayar. Shi kuwa sai ganinsa kawai suka yi a kansu. Allah ne Ya sa wanda ke riƙe da bindiga a cikinsu dattijo ne mai sanyin hannu. Kwana tara yaron ya yi a tsare. Sai da Sarkin Zango na can ya sa baki, muka yi tafiyar fiye da kilomita 600 da takardun ƙungiya, muka rantse muka maya. Tirela ta yi kwana huɗu tana jira da shanu 30 a ƙasa suna cin harawar saye, kasuwar da muka nufa ta wuce mu. Keken ya dawo bayan wata biyu, batir ya mutu murus don zama ba caji. Uwar yaron har yau ba ta gaishe mu da sakin fuska.

Ko da babu wannan fitina ma, lissafin bai fita ba. Daga kasuwar Gogunu zuwa rugar da za ka ga shanu ka dawo, sau da yawa ya wuce abin da caji ɗaya zai kai, kuma hanyar yashi ce da ƙaya. In man babur ya ƙare, kowane ƙauye akwai mai kwalba. In batir ya ƙare sai turi. Tasoshin musayar batir na masu babur kuwa a manyan garuruwa suke, ba a bakin ruga ba.

Saura maganar bashi. Mun kai ta gaban malaminmu na masallacin unguwa, ya ce sayar da kaya a kan jinkiri da ƙarin farashi ya halatta, muddin an yanke kuɗin tun ranar ciniki, ba ya ƙaruwa in an makara. Saboda haka duk wanda aka miƙo wa takarda, ya nemi mai jin Faransanci ya karanta masa ita layi-layi kafin ya dangwala. Ya tambaya: in na yi kwana uku ban biya ba, me zai faru? Batir ɗin nawa ne ko haya nake yi? Domin a tsarin musaya, babur naka ne amma batir na kamfani ne. Da yawa daga cikin abin hawan da ake bayarwa bashi kuma akwai na'urar da ake iya kashe su da ita daga ofis. Ɗan kora kuwa ba mai albashi ba ne, wata guda ya samu, wata biyu ya zauna.

Abin da dattawan reshen Godome suka tsayar a zamansu shi ne: ƙungiya za ta tsaya wa mutum biyar a karon farko, waɗanda aikinsu aiken cikin gari ne, kuma kowannensu ya zo da maigidansa ya sa hannu. Keken ba zai wuce Alada ta arewa ba, ba zai tsallaka Seme ba, ba za a ɗora shi a tirela ba. Wanda aka samu ya fita farauta da shi, ƙungiya ta zare hannunta, bashin ya koma wuyan maigidansa. Masu so su ba magatakarda sunayensu bayan sallar Juma'a. Wanda kuma yake son ya hau namu ya gwada kafin ya yanke shawara, yana nan a masauki, a zo da safe kafin yaro ya fita da shi.