Daga Beltsville Zuwa Key West: Ina Matafiyi Zai Yada Zango?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Baltimore Avenue a garin Beltsville na jihar Maryland, arewa maso gabas da birnin Washington, to, yana tsaye ne a kan wani yanki na Hanya Mai Lamba 1. Wannan hanya, wadda aka laƙaba mata lambar a shekarar 1926, ta taso daga Fort Kent a kan iyakar Kanada, ta ratsa fiye da kilomita 3,800, sannan ta tiƙe a tsibirin Key West na jihar Florida, kimanin kilomita 145 daga ƙasar Kyuba.

A watannin hunturu, lokacin da ƙanƙara ke rufe yankin Washington, mutane da dama kan nufi wannan tsibiri, inda ba a taɓa samun labarin saukar ƙanƙara ba. Tafiyar kusan kilomita 2,000 ce daga Beltsville. Akasarin direbobi kan bi babbar hanyar I-95 har birnin Miami, daga nan su koma Hanya Mai Lamba 1. Da yake kuɗin otal a tsibiran yana da tsada ainun, masu ƙaramin guzuri kan kwantar da kujerun bayan mota, su shimfiɗa katifa, su ɗauki risho da gidan sauro da jarkar ruwa, motar ta zame musu ɗakin kwana.

To amma a ina za a ajiye motar? A nan ne gizo ke saƙa. Bahaushen da ya saba da hanyar Legas zuwa Kwatano, Lome da Ankara ya san cewa ko a tasha dare ya riske shi, zai iya shimfiɗa tabarma, ko kuwa ya tambayi hanyar zango, inda ba zai rasa mai masauki ba. Haka fataken goro suka yi ta yi a kan hanyar Gwanja tun ƙarnoni da suka shige. A Amurka kuwa doka ce ke nuna wa matafiyi makwancinsa. Wuraren hutawa na bakin hanya a jihar Florida sun ƙayyade wa ƙananan motoci sa'o'i uku kacal. A birnin Key West an haramta kwana cikin mota a kan titi, kuma wanda aka kama zai iya fuskantar tara.

Mafitar ita ce sansanonin da ke cikin gandayen shaƙatawa na gwamnatin jihar, kamar John Pennekamp a Key Largo, da Curry Hammock kusa da Marathon, da kuma Bahia Honda. A can matafiyi zai sami ruwa da makewayi da wutar lantarki a kan kuɗin da bai kai na otal ba ko kusa. Sai dai guraben kaɗan ne, kuma akan kama su ta intanet watanni da dama kafin lokacin. Wanda ya taho bai tanadi gurbi ba, araharsa na iya zame masa tsada.

Akwai kuma haɗarin da ya fi tara muni. Kunna risho cikin rufaffiyar mota, ko kwana da inji a kunne domin na'urar sanyaya iska, na iya tara iskar guba marar wari, wadda ke halaka mutum yana barci. Bugu da ƙari, daga ranar 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokaci ne na mahaukaciyar guguwa, kuma hanya ɗaya tak ce ke haɗa Key West da sauran ƙasa.

Ita kanta wannan hanya guguwa ce ta haife ta. Attajiri Henry Flagler ya kai layin dogo Key West a shekarar 1912. Guguwar watan Satumban 1935 ta ragargaza shi, ta hallaka mutane fiye da 400. A kan gadojin layin aka shimfiɗa hanyar mota, aka buɗe ta a 1938. A yau tsawonta ya kai kilomita 180 tare da gadoji 42, ciki har da wata mai kusan kilomita 11. A watan Satumban 2017 guguwar Irma ta sake yi wa tsibiran mummunar ɓarna.

Ɗan Afirka da ya isa ƙarshen hanyar yana da wurin da ya kamata ya ziyarta. A gaɓar Higgs da ke Key West akwai maƙabartar 'yan Afirka. A shekarar 1860 sojojin ruwan Amurka sun kama jiragen ruwa uku na masu fataucin bayi da suka nufi Kyuba, suka sauke mutane fiye da 1,400 a tsibirin. Kusan 300 daga cikinsu sun rasu aka binne su a nan, sauran kuma aka kai su Laberiya.

Wanda ya yi niyyar wannan tafiya, ya tanadi masaukinsa tun yana Beltsville, ya kuma duba hasashen yanayi kafin ya tayar da mota. Masu iya magana dai sun ce kowa ya kwana lafiya, shi ya so.