Soja da ƴan sandan Kamaru a filin ƙwallon kwando

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mun saba ganin soja da bindiga, ɗan sanda kuma a bakin hanya yana duba takardun mota. Yau labarin da za mu kawo muku na soja da ƴan sanda ne, amma a filin wasa. Labarin ya faru a ƙasar Kamaru da ƙasar Ruwanda.

Kafin mu shiga labari, bari mu bayyana wasan, don da yawa cikinmu ba su taɓa ganinsa ba. Sunansa ƙwallon kwando. Ƴan birni suna ce masa basket. Da hannu ake yinsa, ba a sa ƙafa. Wani malamin makaranta mai suna James Naismith ya ƙago shi a Amurka a shekarar 1891. Kwandunan zuba ƴaƴan itace ya rataya a sama, ya ce ɗalibansa su jefa ƙwallo ciki. Daga nan sunan ya samo asali. Yanzu zoben ƙarfe ne da raga, a rataye bisa tsawon mita 3 da ɗan ɗori. Filin yana da tsawon mita 28, faɗin mita 15. Kowane gefe mutum 5 ne. Ba a rungume ƙwallo a ruga da ita, sai ana buga ta ƙasa ana tafiya. In ka jefa ta shiga daga kusa, maki 2 ke nan. Daga nesa, maki 3. Kuma ba a ɓata lokaci: in ƙwallo ta zo hannunku, cikin daƙiƙa 24 sai kun jefa, in ba haka ba a ba abokan karawa.

To, a Yawunde, babban birnin Kamaru, akwai ƙungiya mai suna FAP. Harufan nan uku na faransanci ne, ma'anarsu sojojin ƙasa da ƴan sanda. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Yamai muna da AS FAN ta soja, da AS Police, da ta ƴan duwan, duk suna buga ƙwallon ƙafa. Dalilin a fili yake. Ƙungiyar wasa tana son wuri, da tufafi, da abinci, da kuɗin mota. Ƙungiyar unguwa in mai taimakonta ya gaji, sai ta watse. Wadda ke jingine da ma'aikatar gwamnati ko babban kamfani, ita ce ke daɗewa. Amma kada ku ɗauka duk wanda ya sa rigar FAP soja ne. Akwai waɗanda wasan ne sana'arsu, har da baƙi daga wasu ƙasashe.

FAP ta ci kofin Kamaru fiye da sau ɗaya. Amma abin da ya fitar da sunanta waje shi ne gasar Afirka da ake kira BAL. Masu shirya babbar gasar Amurka, wato NBA, su suka haɗa kai da hukumar ƙwallon kwando ta duniya suka kafa ta. Ƙungiyoyi 12 kaɗai ake ɗauka a farko. Wasu ƙasashe an ba zakarunsu wuri kai tsaye. Sauran sai sun bi ta wasannin share fage. Kamaru tana cikin masu bin doguwar hanya. A ƙarshen 2019 aka yi share fagen a Yawunde, a babban ɗakin wasanni da ke kusa da unguwar Birikitiri, inda Hausawa suke da yawa. FAP ta samu wucewa. Ƙungiyar Nigelec ta Yamai ita ma ta sha shiga wannan share fage.

An so a fara gasar a watan Maris na 2020, sai cutar korona ta tsai da kome. Sai a watan Mayu na 2021 aka yi ta a Kigali, babban birnin Ruwanda. Can aka haɗa FAP rukuni ɗaya da Petro ta Angola, da Sale ta Maroko, da AS Police ta Mali. Abin dariya, ƴan sanda suka kara da ƴan sanda, na Kamaru suka yi nasara. Wannan ne kaɗai wasan da suka ci cikin 3. Duk da haka suka shiga cikin 8 na ƙarshe. Nan suka gamu da Zamalek ta Masar, ta kore su ba wuya. Zamalek ɗin ce ta ɗauki kofi a wannan shekara.

Shekarar 2022 ita ce ta labari. An raba ƙungiyoyi kashi biyu, 6 a Dakar, 6 a Alƙahira. Daga kowane kashi 4 za su wuce. FAP tana Alƙahira, kuma ta 4 ta zo, wato da ƙyar ta tsallake. Dokar gasa ta ce ta 4 ta kara da ta 1 ta ɗaya kashin. Ta 1 kuwa ita ce REG, ƙungiyar kamfanin lantarki na Ruwanda, kamar dai Nigelec a wurinmu. Kuma a Kigali za a yi wasan, a gidansu, gaban mutanensu, cikin ɗakin da ke ɗaukar mutum 10.000.

Ku duba fa. Baƙo ne, shi ne na baya, ga jama'ar gari duk suna ihu a kansa. Kowa ya ɗauka an gama. Amma da aka tashi, FAP tana da maki 66, REG tana da 63. Maki 3 ne tsakani, jifa ɗaya daga nesa ke nan. A wasan kwando sau da yawa ana kai maki 80 ko 90. In ka ga an tsaya a 60 da wani abu, to an matsa wa juna ne, ba a bar kowa ya jefa cikin natsuwa ba. A ganina nan ne ƙarfin FAP yake. Ba su fi kowa iya jifa ba, amma sun iya tare hanya.

Daga nan ƙarfinsu ya ƙare. Petro ta Angola ta doke su a wasan kusa da na ƙarshe. Wajen neman matsayi na 3 suka sake gamuwa da Zamalek, ta sake doke su. Suka koma Yawunde da matsayi na 4 a duk Afirka. Monastir ta Tunisiya ta ɗauki kofi.

Kamaru ƙasa ce mai dogayen samari da suka iya wasan nan. Pascal Siakam ɗan Duwala ya ci kofin NBA da ƙungiyar Toronto a 2019. Joel Embiid, haifaffen Yawunde, shi aka zaɓa gwarzon NBA a 2023. Amma su duka a ƙetare suka yi suna. Ƙungiya irin FAP ba ta da kuɗin da za ta riƙe irinsu, da waɗanda suka rage a gida take aiki.

Matsayi na 4 kuma bai ajiye mata wuri ba. Tunda Kamaru ba ta cikin ƙasashen da ake ba wuri kai tsaye, sai da FAP ta koma share fage. Da aka buɗe gasar 2023, ba ta cikin ƙungiyoyi 12 da suka shiga.