Koyon Tuƙi da Inji Ɗaya a Jirgi Mai Inji Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a bakin ruwan Yauri ya san cewa in aka yi ta buga filafili a gefe guda, kan jirgin juyawa zai yi. To, haka lamarin yake ga jirgin sama mai inji biyu, ɗaya a kowane fiffike. Da zarar injin hagu ya mutu, na dama zai fizgi hancin jirgin zuwa hagu, sai matuƙi ya taka fedar linzamin wutsiya da ƙarfi kafin ya miƙe.

Mutane kan zaci in inji ɗaya ya mutu rabin ƙarfi ne ya tafi. Haka ne a lissafi, amma ƙaramin jirgi yakan rasa kusan kashi 80 cikin 100 na ikon hawansa, domin rarar ƙarfin da ta wuce abin da ke riƙe shi a iska ita ce ke ɗaga shi. Ga kuma farfelar da ta mutu tana wulwulawa tana ja da baya, sai an karkata kunnuwanta sun yanki iska da kaifi.

Saboda haka tilas a koyar da wannan fanni, kamar yadda ake yi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, inda ɗalibai suka daɗe suna koyo da jirgin Baron 58. Wuyar ita ce, gwajin kansa yana kisa.

Linzamin wutsiya da iska yake aiki. In gudu ya ragu ƙasa da wani haddi, wanda ake yi wa jan layi a agogon gudu, linzamin ba ya iya rinjayar injin da ke raye. Jirgi ya kife, in kuwa ƙasa na kusa, shi ke nan. A 22 ga Maris 2010, a Darwin ta Ostareliya, wani mai jarraba matuƙa ya janye totur ɗin injin hagu har ƙarshe daidai tashin jirgin Embraer Brasilia, maimakon ya tsaya inda farfela ba ta turawa ba ta kuma ja. Shi da wanda yake jarrabawa duk suka rasu, alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka ita ce kada a kashe inji da gaske sai an kai ƙafa 3,000 bisa ƙasa, kuma inda za a iya sauka lafiya. Ƙasa da nan, totur kaɗai malami zai sassauta a hankali, yadda zai iya mayar da wuta nan take. Ni a ganina, a ƙasarmu ya kamata malami ya ƙara da lura da yanayi, domin zafin bazara yana sa iska ta yi shakaf, jirgin da ya hau da inji ɗaya da sanyin asuba yana iya kasa hawa da azahar.

Mutuwar inji daidai lokacin barin ƙasa kuwa, wurin gwada ta na'urar kwaikwayon tuƙi, inda ɗalibi zai faɗi sau goma, ya tashi ya sake.