BARGON ƘYALLE MAI KUNKURUN TEKU: TSARABAR DA TA DACE DA SANYIN KAGORO

Duk wanda ya taɓa kwana a Kagoro cikin watan Disamba ko Janairu ya san sanyin wurin ba na wasa ba ne. Garin yana gindin dutse, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaura a kudancin Jihar Kaduna, ba nisa da Kafanchan. Idan hunturu ya kankama, iska ta gangaro daga kan duwatsu da asuba, tsofaffi da jarirai su ne ke shan wuya. A daidai wannan lokaci ne kuwa 'yan ƙasar da ke neman abinci a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal su kan ɗaura kaya su nufi gida, domin Kirsimeti da bikin Afan wanda a ke yi ran 1 ga Janairu kowace shekara.

Kowa ya san halin tafiya gida. Ba a shiga da hannu rabbana. Amma ga tsadar kaya, ga kuɗin mota, ga dangi da yawa kowa na sa ido. To, akwai wata tsaraba da ba ta cin kuɗi sosai, sai dai haƙuri da lokaci, kuma kayan yinta yana nan zube a ƙarƙashin keken kowane tela a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu. Watau ƙyallayen nan da a ke sharewa da yamma a kai juji. Idan aka tara su aka harhaɗa, su kan zama bargo mai kauri, mai kyaun gani, wanda zai daɗe a ɗakin tsohuwa.

BUKATAR TANA NAN

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ado ce kawai. A da, mutanen kudancin Kaduna da yawa suna aiki a masaƙun Kakuri, yadi kuwa ba wuyar samu. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran kuma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Yau abin rufa a kasuwannin ƙauye, in ba gwanjo ba, to na waje ne. A 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna ta lalata gonaki masu yawa, citta kuwa ita ce babbar hanyar kuɗin manoman yankin. Kafin wannan, cikin Maris na 2022, aka kai hari a yankin Kagoro, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone gidaje da yawa. Wanda gidansa ya ƙone, ba rufin ɗaki kaɗai ya rasa ba, har tabarma da mayafi. Saboda haka bargo ɗaya da ya isa irin wannan gida ba ƙaramin abu ba ne.

BA BAƘON AIKI BA NE

Waɗansu suna tsammani harhaɗa ƙyalle a cusa masa auduga aikin Turawa ne. Ko kusa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa mene ne in ba bargon doki ba? Yadi ne a sama, yadi a ƙasa, a tsakani audugar rimi, sa'an nan a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Sau da yawa fuskarsa ƙyallaye ne ja da fari da shuɗi da rawaya, an yanka an jera. Har gobe wanda ya je kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya zai ga 'yan lifida da idonsa. Haka kuma gwado da luru, ai ƙananan saƙa ne masu tsawo a ke jerawa a ɗinke su zama mayafi.

A sauran ƙasashe ma haka abin ya ke. Mabiya Mahadi a Sudan, cikin shekarun 1880, an san su da jibba mai faci. A Senegal almajiran Shehu Ibra Fal suna sa tufafin ƙyalle iri-iri har yanzu. A Amurka akwai wani ƙauyen baƙar fata mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama, inda matan talakawa su ke ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki na mazajensu don maganin sanyi. A 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma Hukumar Gidan Waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki. Abin da aka fara don talauci ya zama abin alfahari. Nan kusa da gida, a Jos, Gidauniyar Mashiah ta koya wa mata da yawa, musamman waɗanda mazansu suka rasu, irin wannan ɗinki, suka riƙa sayarwa suna ciyar da 'ya'yansu.

ME YA SA KUNKURU?

Bargon ƙyalle ya kan fi kyau idan yana da wani zane babba a tsakiya wanda ido zai sauka a kai. Wanda ke zaune a bakin teku kuwa, da wuya ya sami zanen da ya fi kunkurun teku dacewa. Dalili na farko, ƙoƙon bayansa da ma kamar haɗin ƙyalle ya ke. Maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo suna da tatsuniyar yadda kunkuru ya faɗo daga sama bayansa ya farfashe aka yi masa faci. Dalili na biyu, abu ne da mutanen tudu ba su saba gani ba. Sun san kunkurun daji, sun san kififiya ta rafi, amma na teku sai labari.

Iri 7 ne a duniya, aƙalla 4 daga ciki su kan zo gaɓar tekun Nijeriya. Ba ya iya mai da kansa cikin ƙoƙo kamar na daji, ƙafafunsa na gaba kuwa dogaye ne masu faɗi kamar filafilin kwalekwale. Mafi girmansu, mai baya kamar fata, ya kan wuce kilo 500. Macen ta kan fito kan rairayi da dare, ta haƙa rami, ta saka ƙwai wajen 100, ta binne ta koma ruwa. Bayan kamar wata 2 'ya'yan su ƙyanƙyashe su ruga teku, amma masana sun kiyasta cewa cikin 1,000 da ƙyar 1 ke girma. Wadda ta girma kuwa, ko ta yi shekara 20 tana yawo a teku, idan lokacin ƙwai ya yi sai ta komo yankin da aka ƙyanƙyashe ta. Duk ɗan ci-rani ya san wannan hali.

Sai dai dabbar tana cikin hatsari. Tarun masunta na kama ta, a kan tone ƙwanta a ci, ledar da mu ke zubarwa kuma ta kan haɗiye ta zaton abinci ne. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikinta, ta hana cinikin kunkurun teku da ƙoƙonsa tsakanin ƙasashe. Don haka in za a kai shi gida, a kai na ƙyalle, a bar mai rai a ruwa.

KAYAN AIKI DA AWO

Abin da a ke bukata shi ne buhun ƙyallaye, almakashi mai kaifi, allura da zare mai ƙarfi, alli, kwali, tef na awo da dutsen guga. Keke yana sa sauri, amma hannu ma ya isa. A zaɓi ƙyallen auduga, kamar atamfa da shadda, masu kauri kusan ɗaya. Kada a haɗa leshi ko yadin roba mai santsi da atamfa, domin wajen wanki ɗaya zai ja ɗaya. A wanke su duka tun kafin a yanka, a ware mai zuba, a goge.

Ga lissafin bargo mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80, wanda zai rufe babban mutum sosai. A yanka kwali murabba'i, inci 6 kowane gefe, shi ne ma'auni. Da shi za a zana a yanka kowane ƙyalle. Idan ɗinki ya ci rabin inci a kowane gefe, abin da zai rage a fuska inci 5 ne. Ke nan jere 12 a faɗi, jere 16 a tsawo, jimla 192. Amma tsakiyar za a bar wa kunkuru fili mai inci 30 da inci 40, watau wurin ƙyalle 48. Saboda haka guda 144 kaɗai za a yanka. Filin tsakiya kuwa a yanka shi inci 31 da inci 41, saboda rarar ɗinki. Shi ne teku, don haka shuɗi ya kamata ya zama. Adiren Abekuta na kasuwar Itoku ya dace ƙwarai, haka ma rinin baba irin na Ƙofar Mata a Kano, amma a wanke shi sau da yawa har ya daina zuba.

YADDA A KE HAƊA KUNKURUN

A sami babbar takarda a zana ƙoƙon bayan, mai siffar ƙwai, tsawonsa kamar inci 20, faɗinsa inci 16, ƙarshensa ya ɗan tsuke. A raba shi yadda Allah ya raba na gaske: gida 5 a jere a tsakiya, masu kusurwa 6, sa'an nan gida 4 a dama, gida 4 a hagu. Jimla 13. A sa wa kowane gida lamba kafin a yanka takardar, in ba haka ba wajen mayarwa sai kai ya ɗaure. Kowane yankin takarda a ɗora shi kan ƙyalle, a yanka da rarar rabin inci, a naɗe rarar a bayan takardar, a kama ta da dogon ɗinki na wucin gadi. Daga nan sai a haɗa gida da gida, baki da baki, da ƙananan ɗinki. Idan ƙoƙon ya haɗu, a goge shi, a warware ɗinkin wucin gadi, a zare takardun.

Launi kuwa, kore da ruwan ƙasa da ruwan goro sun fi fitowa a kan shuɗi. Kai da wutsiya da ƙafafu 4 a yi su da ƙyalle iri ɗaya marar zane. A tuna na gaba dogaye ne masu lanƙwasa, na baya gajeru, in an yi su daidai wa daida to kunkurun daji aka yi. A shimfiɗa shuɗin yadin, a fara ɗora kai da ƙafafu da wutsiya, sa'an nan ƙoƙon ya hau kansu ya rufe gindinsu. A bi gefen da ɗinki ƙanana, ana cusa bakin yadin ciki. Ido a yi shi da baƙin zare. Kada a sa maɓalli idan bargon na yaro ne, don gudun ya tsinke ya haɗiye.

CIKI DA SHAFI

Yanzu sai a koma kan ƙyallaye 144 ɗin. A jera su a kan tabarma kewaye da filin kunkurun, mai haske kusa da mai duhu, a tashi tsaye a duba daga nesa kafin a ɗinka ko ɗaya. A fara haɗa su layi-layi, kana a haɗa layi da layi, ana guga bayan kowane ɗinki. Ragon tela ne ke ƙin guga, kuma aikinsa ba ya ɓoyuwa.

Shafin baya zai ci kamar yadi 5 na akoko ko atamfa, a raba biyu a haɗa. Abin da za a sa a tsakani kuwa, tsohon bargon da ya sha jiki ya fi komai sauƙi, ko zannuwa biyu da aka wanke, ko shiɓaɓɓiyar auduga a shimfiɗe. Audugar rimi tana da ɗumi, amma wuta na kama ta nan da nan, shi ya sa mayaƙan da su ke tsoron kibiya mai wuta. A ɗakin da a ke kwana da garwashi ko fitilar kananzir, gara a bar ta.

A shimfiɗa shafi a ƙasa, ciki a kansa, fuska a sama. A kama su uku da dogon ɗinki daga tsakiya zuwa gefe. Sa'an nan a bi da ɗinkin gaske mai ratsa duka ukun, a fara da kewaye kunkurun, a riƙa fita waje, tazarar layi da layi kada ta wuce inci 4. A kan shuɗin, idan aka yi layukan a lanƙwashe da farin zare, sai su fito kamar igiyar ruwa. Wadda ba ta da lokaci tana iya ɗaure kowace kusurwa da zare mai kauri ta ƙulle. Daga ƙarshe a datse gefe, a yi masa kalmasa da dogon ƙyalle mai faɗin inci 3.

AIKIN GAYYA NE

Mace ɗaya da allura za ta ɗauki makonni, amma mata huɗu ko biyar a tsakar gida ɗaya, wannan na yanka, wannan na haɗawa, wannan na guga, ba za su daɗe ba. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata da makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro kowane wata, duk wurare ne da za a iya ɗaukar wannan aiki. Wadda hannunta ya faɗa kuwa ta sami sana'a, domin ƙananan irinsa na jarirai da rigunan matashin kai ba sa rasa mai saye a ranar suna da biki.

Ga teloli kuma, roƙonmu shi ne ku rataye buhu kusa da keke maimakon ku kai ƙyalle juji ko ku cinna masa wuta. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ke son bargonsa ya isa Kagoro kafin Afan, tun da damina ya kamata ya fara tari, ba sai motar gida ta tsaya a tasha ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji kunkuru. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya tarar da iyali lafiya.