Famfon zafi ko tukunyar gas: wanne ya fi cin kuɗi a Birtaniya?

Idan kana da AC a ɗaki, to ka riga ka san famfon zafi. AC na kwashe zafin ɗaki ta watsar waje. Famfon zafi kuwa akasin haka yake yi: yana zuƙo ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana tsananin sanyi, ya tura shi cikin ruwan da ke zagaya bututun gida. Da shi gwamnatin Birtaniya ke son a maye gurbin tukunyar gas da yawancin gidajen ƙasar ke ɗumama ɗaki da ita. Tun Oktoban 2023 ma take ba da tallafin fam 7,500 ga mai son sakawa a Ingila da Wales.

A takarda famfon ya yi wa tukunyar fintinkau. Da yunit ɗaya na lantarki, irin wanda kake saye a mitar kati, yana samar da kimanin yunit uku na zafi. Tukunyar gas mai kyau kashi 90 cikin 100 na abin da ta ƙona take mayarwa zafi.

Matsalar tana wajen farashi. A ƙarshen 2024, hukumar Ofgem ta ƙayyade yunit na lantarki a kan kwabo 24.5, na gas kuma kwabo 6.24 (kwabo 100 ke yin fam ɗaya). Ka ga lantarki ya ninka gas kusan sau huɗu. Idan aka lissafa, yunit ɗaya na zafi daga tukunya yana tashi kusan kwabo 7, daga famfon da ke ba da ninki uku kuwa ya ɗan haura kwabo 8. Sai famfon ya kai ninki uku da rabi kafin su zo daidai.

Kai wa wannan matakin ya danganta da yadda aka girka shi. Famfon ya fi yin aiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai ƙuna ba, don haka gidan na buƙatar manyan ƙarafunan ɗumama ɗaki da bangon da ba ya zubar da zafi. Ma'aikacin da ya yi aikin gaggawa zai bar mai gida da bil mai nauyi duk hunturu. Wanda ya yanke layin gas gaba ɗaya kuma ya huta da kuɗin ajiye mita, wanda a lokacin ya haura fam 100 a shekara.

A Norway, inda madatsun ruwa ke samar da yawancin lantarki, fiye da rabin gidaje famfon zafi suke amfani da shi.